Fitilar Kawu ko Idonsa

Mun bar Ungogo ranar Talata ana watsewa daga sallar asuba, ni da taubashina, babban ɗan kawuna, wanda yake koyarwa a wata firamare kusa da mu. Kamar yadda masu bibiyata suka sani, sana'ata wayarin ɗin mota ce, don haka jakata ta fi tasa nauyi: rile huɗu, sabuwar filasha, fiyus, naɗin waya mai kauri ja da baƙa, mita, filaya da salatif. Shi kuwa carbi kawai ya riƙo da ɗan littafi, yana tafe yana ce min na ɗebo kaya kamar wanda aka kora daga gari. Na ce masa ai malamin makaranta ba ya buƙatar kayan aiki, baki ya ishe shi.

Ga abin da ya tashe mu. Kawu yana zaune a wani ƙauye ta wajen Shanono, yana da tsohuwar a-kori-kura wadda ya fi shekara talatin yana tuƙawa. Da ita yake kai buhunan mutanen garin kasuwa, da ita ake kai mai naƙuda asibiti, da ita ake ɗaukar gara. Mako uku da suka wuce, da duku-duku, ya daki gefen wata kwalbati, buhuna suka zube, wata tsohuwa da ke zaune a baya ta gurɗe a hannu. Allah ya tsare, abin ya tsaya nan. Sai 'ya'yansa suka zauna suka ce idon Baba ya tafi, a sayar da motar ya huta, har sun samo mai saye zai zo ranar Juma'a. Kawu ya kafe a kan cewa idonsa garau yake, fitilar motar ce ta mutu a tsaye. Da gardama ta ƙi ƙarewa, ya ce a kira masa ɗan ƙanwarsa, wato ni. In na duba na ce fitila ce, a ƙyale shi da motarsa. In na ce ido ne, zai miƙa makulli da hannunsa.

Ba zan ɓoye muku ba, tun kafin mu tashi na riga na ɗauki ɓangare. A cikin motar nan Kawu ya kawo ni birni ya danƙa ni a hannun wanda ya koya min sana'a. Na san kuma ranar da aka raba shi da sitiyari, ranar zai fara tsufan gaske. Alƙalin da aka kira ke nan.

Adaidaita ta kai mu Dawanau gari yana fara haske. Kasuwa ba ta gama buɗewa ba, amma manyan motoci sun yi layi, warin citta da daddawa ya cika hanya. Muka shiga bas ta Bichi. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na biya bara, kuma har yanzu mutum huɗu ake jerawa a kujerar mutum uku. Taubashina ya zauna rabinsa a kan cinyata, duk da haka yana ƙorafin wai jakata tana sukarsa. A Bichi muka karya da koko da ƙosai wajen wata dattijuwa da ke bakin tasha. Ƙosan ya ƙanƙance, ta ce ba ita ta rage shi ba, wake ne ya yi tsada, mai kuma ya fi shi. Ta ƙara mana biyu gyara, muka yi godiya.

Daga Bichi muka kama hanyar Bagwai. Kaka ta shigo, an yanke gero an jera dammuna a gona, dawa ta yi tsayi tana jiran lokacinta, mata suna tsinkar wake da kwanduna a ka. Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi ta jiran ya ga daji, ba zai gani ba. Gona ce manne da gona, gari yana ƙarewa wani yana farawa, iyakar kowa ɗan shingen aguwa ne ko layin gamba. A tsakanin gonakin ga ɗorawa, ga gawo, ga tsamiya, kowace bishiya da mai ita. Kusa da wani dam na ga magudanan ruwan 'yan noman rani, wasu an share su, wasu ciyawa ta cinye. Na daɗe ina kallonsu, ban san za su yi min amfani da rana ba.

Ragowar tafiyar a kan babur muka yi ta, ta burtali mai yashi, karan dawa yana marin gwiwoyinmu. Muka isa da hantsi.

Mun tarar da Kawu a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, motar tana gefensa an wanke ta tas kamar za a kai ta biki. Ya rame kaɗan. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana kirana injiniya, sunan da yake tsokanata da shi tun ban san bambancin fiyus da ƙusa ba. Ɗansa ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Wannan ba fushi ba ne, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Tunda nake ban taɓa jin Kawu ya kama sunansa ba, Malam yake ce masa, kuma ko suna zaune tabarma ɗaya sai ya juyo gare ni ya ce, gaya wa Malam kaza. Shi ma Malam ɗin sai ya ce min, gaya wa Baba kaza. Haka aka yi duk gardamar motar nan, ta bakin ƙanne da maƙwabta.

Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta aiko da fura da nono mai sanyi a ƙwarya. Sai da muka ga ƙasanta sannan na buɗe bonet.

Jama'a, na ga wayarin iri-iri a rayuwata, amma na motar Kawu tarihin garin ne gaba ɗaya. A kan wayar fitilar gaba kaɗai na ƙirga ƙulli bakwai. Wani da wayar rediyo aka haɗa, wani da wayar gida, an naɗe su da leda da tsinken robar tayar keke. Daga jikinta aka ja waya zuwa lasifikar da ake sanarwar suna da rasuwa. Daga jikinta kuma aka ja wata zuwa wurin cajin waya, domin rabin unguwar a motar Kawu suke caji. Na tambaye shi wa ya yi wannan aikin, ya ce mutane daban-daban ne, kuma kowannensu don Allah ya yi.

Na tayar da mota na kunna fitila na ɗora mita. A kan batir wuta ta haura sha uku. A bakin ƙwan fitila ko tara ba ta cika ba. Na taɓa makunnin da ke jikin sitiyari na ji shi da ɗumi kamar an ajiye shi a rana. Raina ya yi fari ƙal, na kira taubashina na nuna masa lambobin, na ce tunda shi malami ne ya yi mana lissafin abin da ya ɓace a hanya.

Kawu ya ce in yi masa bayani da Hausa. Sai na tuna magudanan da na gani. Na ce a tsofaffin motoci irin tasa, wuta tana tashi daga batir ta shiga cikin mota, ta ratsa makunni, ta zagayo, sannan ta dawo gaba wajen fitila, kamar ruwan dam da zai bi ta gonar mutum goma a tsohuwar magudana kafin ya iso taka. Abin da rile yake yi, ana haƙa sabuwar magudana gajera mai faɗi daga batir kai tsaye zuwa fitila, a sa mata ƙofa. Makunnin cikin mota ba ya ƙara ɗaukar ruwa, aikinsa kawai ya aika a buɗe ƙofar. Kawu ya gyaɗa kai, ya juyo ya ce in gaya wa Malam ya ji da kyau.

Sigina kuwa ita ta fi ba ni dariya. Na kunna ta hagu na zagaya baya, sai na ga duka biyun suna lumshewa tare, a hankali, kamar mai jin barci. Na duƙa na leƙa. Ashe shekaru biyu da suka wuce ƙarfen bayan motar ya ruɓe, kafintan garin ya yi mata sabon baya na katako, aiki mai kyau har da fenti, ya ɗaure fitilun baya a jikin katakon. Su kuwa fitilun nan ta jikin ƙarfen mota wutarsu take komawa batir. Da aka ɗora su a kan itace sai ta rasa hanya, ta riƙa bi ta cikin sauran ƙwayayen. Tun lokacin Kawu ya koma miƙa hannu ta taga in zai juya. Kafintan yana cikin masu kallo, da na yi bayani ya ce shi dai an ce ya yi baya, ba a ce masa katako ba ya shan wuta ba.

Aikin ya ci mana yini. Na ja jar waya mai kauri daga batir, na sa mata fiyus dab da kansa, domin in wani abu ya faru fiyus ya ƙone, ba mota ba. Na ɗaure rile biyu a gefen injin inda ruwa ba ya kai wa, ɗaya na dim, ɗaya na ful. Na yanke ƙulle-ƙullen nan bakwai na zubar. Sigina ma na ba ta rile biyu, hagu da dama, da sabuwar filasha mai sa ta ƙiftawa, na ja baƙar waya daga fitilun baya zuwa ƙarfen shasi, na goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli kafin na ɗaure. Lasifika da cajin waya ban kashe su ba, don ina son in bar garin lafiya. Na ba su tasu wayar daban da nasu fiyus. Taubashina ne ya riƙa miƙo min kaya, sau uku ina cewa filaya yana ba ni sifana, amma ya yi ƙoƙari.

Da azahar Inna ta kawo dambun masara da zogale da ƙuli, mai ya ji, yaji ya ji. Na ci har na ji kunya.

Matsalar da ta rage ita ce gwaji, domin da rana tsaka kowace fitila gwana ce. Kawu ya ce a bar masa wannan. Ya sa aka buɗe ɗakin da ake tara buhunan kasuwa, mai faffadar ƙofa marar taga, aka tura motar ta sa hancinta a ciki, aka rufe ragowar ƙofar da tamfol da tabarmin Inna. Ciki ya yi duhu ɗif. Muka shiga mu uku da wasu dattawa biyu da suka ce su shaidu ne. Na kunna. Bangon ya haskaka har ana ganin sawun yatsun maginin da ya yi yaɓe. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati. Na ɗauki gawayi na ja layi a bango, na daidaita fitilun biyu su sauka daidai, kada su riƙa shiga idon mai tahowa. Mita ta nuna wutar bakin ƙwai ta kusa kamo ta batir. A wurin na yanke hukunci da babbar murya, na ce fitila ce. Taubashina bai musa ba, ya ce dai yana so ya gani a kan hanya, tunda gobe Laraba akwai kasuwa.

Da asubar Laraba, bayan an idar da salla, aka ɗora buhu goma sha biyu na gero da gyaɗa. Kawu ya hau sitiyari, ni a tsakiya, taubashina a bakin ƙofa. Gari bai waye ba. Da ya kunna fitila, burtalin ya buɗe a gabanmu har can nesa, kowane rami da inuwarsa. Da muka zo hawa kwalta ya kunna sigina, ta riƙa ƙyas-ƙyas da sauri, amma duk da haka sai da ya miƙa hannu ta taga, saboda sabo. Muka yi dariya. Muka wuce kwalbatin da ya daka, ya kauce mata da tazara mai kyau. Daɗi ya kama ni har ina taɓa taubashina da gwiwar hannu.

Sai wani babur ya taho daga gaba da fitilarsa a kunne. Kawu ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har motar ta kusa tsayawa, kuma ya daɗe bayan babur ɗin ya wuce kafin ya ƙara mai. Na ce a raina taka-tsantsan ne.

Bayan ɗan lokaci hasken ya kamo amalanken shanu a gefen hanya, tana tafiya gabanmu da lodin kara. Tun daga wata babbar tsamiya na hango ta. Kawu bai ɗaga ƙafa ba. Muka matso, bai ɗaga ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai ga shi ya taka birki ya kauce a hankali, ya wuce ta lafiya, ko karan bai taɓa ba. Wanda bai san tuƙi ba ba zai ga komai ba. Taubashina bai ga komai ba. Ni na gani, na kuma yi shiru, domin ba na son abin da na gani.

Gari ya fara wayewa muna dab da kasuwa. Taubashina ya yi gyaran murya ya ce min in gaya wa Baba ya yi gaskiya, fitila ce, su ne suka yi gaggawa, yau zai kira mai saye ya ba shi haƙuri. Ban kai ga isar da saƙon ba Kawu ya kunna siginar dama, ya gangara gefen hanya ya tsaya ya kashe mota. Sannan ya leƙo ta gabana ya dubi ɗansa ido da ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Malam, amalanken nan da muka wuce, daga ina ka fara ganinta?"

Taubashina ya rikice, ya dube ni kamar ni zan amsa masa. Sannan ya ce, "Tun daga wajen tsamiya, Baba."

"Ni sai da na ga farar rigar mai ita," in ji Kawu. "Da, in ban gani ba sai in ce fitila ce, kuma ban yi ƙarya ba. Yau ga haske har ya yi yawa, amma hazo nake gani a cikinsa. Injiniya ya gyara nasa. Saura nawa."

Ya zare makulli ya miƙa wa ɗansa ta gabana. Taubashina ya ƙi karɓa, idonsa ya kawo ruwa, sai da Kawu ya kama hannunsa ya danƙa masa. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Ni aka kira alƙali, na ga gaskiya na haɗiye, shi da za a raba da motarsa shi ya faɗe ta, kuma bayan an riga an ba shi nasara. Na ce wa Kawu na lura tun a hanya na kasa faɗa. Ya ce ya sani, ya ji lokacin da na ja numfashi.

Ni na ƙarasa da motar cikin kasuwa, ni kuma na mayar da ita gida daga baya. Aka sauke buhuna, masu su suka karɓa. Muka zauna wajen mai shayi, kuma a nan uba da ɗa suka yi maganar da ta fi duk wadda suka yi a shekara goma tsawo, ni ina ta juya cokali a kofi. Taubashina ya ce shi ba ya son sayar da mota, tsoro yake ji kada wata rana a kira shi a waya. Ya ce yanar ido ce wataƙila, kuma ana cire ta, wani malaminsu an yi masa ya dawo yana karanta jarida. Kawu ya ce shi asibitin ne ba ya so, kada a je a ce masa babu magani. A ƙarshe suka daidaita: ba za a sayar ba sai likita ya yi magana, kuma Kawu ba zai taɓa sitiyari ba sai likita ya yi magana.

Ranar Alhamis muka juyo mu uku, wannan karon ta Gwarzo. Inna ta haɗo mu da gyaɗa da kuka da zuma a gora, ta kuma ja ni gefe ta ce in tabbatar ya ci abinci, don in yana fargaba ba ya ci. Kawu ya zauna gaba kusa da direban bas. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙi ba ya iya zama fasinja, tun daga Gwarzo yake taka birkin da babu shi, yana gaya wa direba inda ramuka suke. A Rimin Gado muka tsaya aka sauke wasu, muka sayi rake da dafaffiyar gyaɗa. Muka shigo gari da la'asar, adaidaita ta ƙarasa da mu Ungogo.

Washegari muka kai shi asibitin ido. Likita ya duba ya ce yanar ido ce a duka biyun, ta hagu ta fi nuna, kuma za a iya cirewa. An ba mu rana. Maganar tuƙi kuwa ya ce sai bayan an yi aikin an sake aunawa, bai yi mana alƙawarin komai ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba na wayarin ba ne, ko da yake duk mai tsohuwar mota ina ba shi shawarar ya sa rile, ya kuma duba inda aka ɗaure fitilun bayansa. Mitata tana gaya min wutar da ta bar batir da wadda ta isa ƙwai, amma abin da ya isa idon direba shi kaɗai ya sani. Kawu kuma bai faɗa ba sai da aka fara yarda da rabin gaskiyarsa. Da mun ƙwace makullin tun farko, da har yau yana cewa fitila ce, mu muna cewa ido ne, kuma kowa yana da gaskiya.

Yanzu yana gidana yana jiran ranar aiki. Kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a bencin ƙofar shagona, duk wanda ya kawo tsohuwar mota sai ya yi masa bayanin dam da magudana kamar shi ya ƙirƙiro. Makullin yana aljihun taubashina, motar tana ƙarƙashin darbejiya an lulluɓe ta da tamfol. Jiya da muke rufe shago ya tambaye ni, a hankali yadda wani ba zai ji ba, ko rile yana lalacewa idan mota ta daɗe a ajiye. Na ce masa ba ya komai, Kawu, zai jira ka.